Malam Edita, SSD na aiki a tsohuwar Windows, gyara zama kawai yake so

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki, ya ƙoƙari. Dan Allah a ɗan sammin fili in yi tsokaci kan wani rubutu da na karanta a shafinku na kimiyya da fasaha kwanakin baya, wanda marubucin ke ba mutane shawara su cire tsohon had dis ɗin kwamfutarsu su sa SSD, wato sabon nau'in faifan ajiyar bayanai na kwamfuta. Shawara ce mai kyau ban ja da ita ba, ni kaina na yi kuma na ga amfaninta. Inda na tsaya shi ne wata magana da ya jefo can ƙarshe, wai duk wanda kwamfutarsa ke kan Windows XP ko Vista kar ma ya wahalar da kansa, SSD ba ya tafiya da su, in ma ya tafi to 'yan watanni ne ya mutu. To wallahi ba haka abin yake ba, kuma na san akwai wanda zai karanta ya ɗauki kwamfutar da ke masa aiki lafiya lau ya jefa lungu saboda wannan maganar, shi ya sa na kasa yin shiru.

Na san wani zai ce to wai me ma mutum yake yi da XP a wannan zamanin, manhajar da ta fito tun 2001. Ai ba kowa ne ya zauna a kanta don son ransa ba. Ni dai nawa dalilin shi ne akwai wani tsohon injin yankan sitika da nake aiki da shi, direbansa, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane shi, XP kaɗai ya sani, ta tsohuwar kafar nan mai haƙora tara ake jona shi, na gwada shi a sababbin Windows ya ƙi ko motsi, injin kuma lafiyarsa ƙalau yana yanka kamar yau aka ƙera shi. To kaga ba zan yar da inji mai lafiya don kawai babbar manhaja ta tsufa ba. Irina suna da yawa, wani sikana ce, wani na'urar gwaji ce a ɗakin bincike, wani wata tsohuwar manhajar lissafi ce da duk bayanansa na shekaru ke ciki, wani kuma kawai tsofaffin gem yake so ya buga a kan na'urar da aka yi su dominta.

Abin da ya faru da ni shi ne had dis ɗin kwamfutar ya fara wani irin ƙara, kas kas kas, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa da farce, wani lokacin in na buɗe folda sai linzami ya tsaya cak na kusan minti ɗaya kafin ya dawo hayyacinsa. Duk wanda ya taɓa jin wannan ƙarar ya san sallama ce faifan yake yi. Na samo SSD mai giga 120, na kwafe tsohon faifan gaba ɗayansa sak a kai, na mayar na kunna, kai Malam Edita ranar har dariya na yi ni kaɗai, kwamfutar da nake kunnawa in tafi in dawo ba ta gama tashi ba sai ga ta ta tashi kafin in gyara zama a kujera. Kuma shiru, ba gurnani ba jijjiga, don shi SSD ba abin da ke juyawa a cikinsa. Shi had dis faranti ne ke juyi sau 5400 ko 7200 a minti ɗaya da wata allura mai zirga-zirga tana neman inda bayani yake, kowane nema yana cin wajen kashi 10 zuwa 15 cikin dubu na daƙiƙa, shi kuwa SSD wajen kashi 1 cikin dubu goma ya ishe shi. Wannan bambancin ne mutum ke ji a hannunsa, kuma ba ruwansa da wace Windows ce a kai.

Ashe da sauran rina a kaba. Bayan wasu makonni sai na lura in ina ajiye ƙananan fayil da yawa ko ina ɗora wata manhaja sai kwamfutar ta ɗan sandare, daƙiƙa biyu uku, ta saki, ta sake. Da farko na zargi SSD ɗin, har na fara cewa ko dai masu cewa ba ya tafiya da XP gaskiyarsu ce. Sai da na zauna na bi abin a hankali na gane laifina ne, ni na kwafo matsalar da hannuna daga tsohon faifan.

Bari in yi bayanin nan da kyau don a nan gizo ke saƙa. Tun zamanin DOS har zuwa XP in za a yanka fatishan na farko a faifai, wato yankin da ake warewa don zuba bayanai, daga ƙaramin gurbi na 63 ake farawa, sekta ake kiran gurbin, kowace sekta kuma bayit 512 ce, kenan fatishan ɗin yana farawa a bayit na 32256. A had dis na da wannan ba komai ba ne. Amma shi SSD a cikinsa shafi-shafi yake rubutu, shafi ɗaya bayit 4096 ko ninkinsa, 8192 ko 16384, ita ma NTFS, tsarin da Windows ke jera fayil da shi a faifai, gungu-gungu na 4096 take ajiye fayil. To ka raba 32256 da 4096 ka gani, 7.875 zai ba ka, bai faɗa daidai ba. Kamar kanta ce mai gurbi-gurbi kowane gurbi daidai kwali ɗaya, sai mai jerawa ya fara ajiye kwalin farko a karkace ya hau kan katangar tsakani, to duk kwalayen da za su biyo baya haka za su zauna, kowanne ƙafa ɗaya a wannan gurbin ɗaya a wancan, in kana son taɓa kwali ɗaya sai ka buɗe gurbi biyu. Haka SSD ke fama, rubutu ɗaya ya zama biyu, a rage masa gudu a kuma ƙara masa gajiya a banza. Daga Vista ne aka gyara wannan, aka koma farawa daga sekta ta 2048, wato bayit 1048576, mega ɗaya cif, ka raba da 4096 ya ba ka 256 ba saura.

Dubawa ba wuya. A danna Start a shiga Run a rubuta msinfo32, a gangara wajen Components, Storage, Disks, akwai layin da aka rubuta Partition Starting Offset, lambar da ke gabansa ita za a raba da 4096. Ni ina buɗewa na ga 32,256 tana kallona. In lambar ta rabu ba saura to Alhamdulillahi, in ta bar ɓurɓushi to a karkace kake.

Gyaran kuma hanya biyu ce. Wadda ta fi tsafta, kafin ka ɗora XP ɗin ka fara yanka fatishan da wani abu da ya san zamani, ko faifan ɗora Windows 7 ko ka jona SSD ɗin a wata sabuwar kwamfuta ka yanka ka yi masa fomatin a NTFS, sannan ka dawo da shi, in XP ta tambaye ka ka nuna mata fatishan ɗin da ke nan, kar ka kuskura ka bari ta goge ta yanka nata, don tana yankawa 63 za ta koma, hannunta ya saba. Hanya ta biyu ita na bi tunda na riga na kwafe komai, na tada kwamfutar da manhajar gyaran fatishan mai suna GParted daga filas na matsar da fatishan ɗin ya zauna a kan mega. Amma fa in faɗa maka gaskiya bayan na matsar XP ta ƙi tashi, baƙin sikirin kawai da ɗan layi yana ƙiftawa, gabana ya faɗi, sai da na sa faifan XP na shiga wajen gyara na buga umarnin fixboot sannan ta dawo. Don haka duk mai bin wannan hanyar ya ajiye kwafin kayansa a wani waje tukuna kuma faifan XP ɗinsa na kusa. Tunda na yi wannan gyaran sandarewar nan ta tafi ban sake ganinta ba.

Sai maganar TRIM, wadda na tabbata ita marubucin naku yake nufi ko da bai kira sunanta ba, kuma a nan yana da 'yar gaskiya. Shi SSD ba ya iya rubutu a kan rubutu. Yana rubutawa shafi-shafi amma in zai goge sai dai ya goge babban yanki mai shafuka da yawa a lokaci ɗaya, kamar allon aji ne da ba a iya share kalma ɗaya sai an share allon duka, to in akwai abin da ake so a jiki sai an fara kwafe shi zuwa wani allon kafin a share. Matsalar ita ce in ka goge fayil a kwamfuta, Windows a littafinta kawai take soke sunansa, ba ta gaya wa faifan komai, don a zamanin had dis ba buƙata, in an zo rubutu a wajen kawai a danne tsohon. Shi kuma SSD bai san an soke ba, yana nan yana ta tattalin shara, yana kwashe ta daga wannan yanki zuwa wancan yana zaton dukiya ce. TRIM shi ne ɗan saƙon da babbar manhaja ke aika masa ta ce wurare kaza da kaza ba kowa, share abinka. Windows 7 da ta fito a 2009 ita ce ta farko a gidan Windows da ta iya aika wannan saƙon da kanta. XP ba ta iya ba, Vista ma ba ta iya ba, wannan gaskiya ne.

Amma rashin TRIM ba mutuwa ba ne, a nan muka rabu da shi. Kowane SSD yana da 'yar ƙwaƙwalwarsa a ciki, kwantarola, wadda ke yin shara da kanta in ta samu sarari, tana kuma rarraba rubutu ko'ina don kar waje ɗaya ya cinye kafin sauran, kuma masu ƙerawa suna ɓoye wani kaso na faifan da kai ba ka gani don wannan aikin. Abin da rashin TRIM ke jawowa shi ne bayan an daɗe ana rubutu ana gogewa gudun rubutu ya ragu, karatu kuwa yana nan yadda yake. Kuma ko a ragen ya fi had dis nesa ba kusa ba. Dabarar da ta fi kowacce sauƙi ita ce tun ranar farko, yana sabo fil ba a taɓa rubutu a kai ba, kar ka yanka shi duka, ka bar kamar kashi 15 ko 20 cikin ɗari haka nan ba fatishan ba komai. Wannan filin da ka bari kwantarola za ta riƙa juyawa a ciki. Nawa mai 120 ɗin giga 95 na yanka na bar sauran, XP da duk tarkacenta ba su cika giga 30 ba ma, to me na rasa.

Bayan haka akwai hanyar yi masa TRIM da hannu lokaci-lokaci. Wasu kamfanonin sun taɓa fitar da manhajarsu mai yin wannan a kan XP da Vista, Intel ta fitar da SSD Toolbox, tsofaffin fitowar Samsung Magician ma suna da maɓallin, sai dai kowacce faifan gidansu take yi wa kuma sababbin fitowar sun daina hawa XP. In naka ba ya cikinsu, ka ciro shi sau ɗaya ko biyu a shekara ka jona shi da wayar SATA, wadda ke haɗa faifai da madabod, a cikin kwamfuta mai Windows 10 ka danna masa Optimize, a nan take za ta aika masa jerin duk wuraren da ba kowa. Na ce da wayar SATA fa, don yawancin 'yan akwatunan nan na USB ba sa wucewa da saƙon, za ka yi ta dannawa a banza. Ni gaskiya sau biyu na taɓa yi, ban ma ga wani bambancin kirki ba saboda filin da na bari tun farko.

Maganar wai zai mutu a 'yan watanni kuwa, mu yi lissafi mana. Gaskiya ne kowane gurbi a SSD yana da iyakar sau nawa za a goge shi a sake rubutawa, shi ya sa ake rubuta TBW a jikin kwalinsa ko takardarsa, wato tera nawa kamfanin ya lamunce za ka rubuta. Misali Samsung 860 EVO mai giga 250, tera 150 aka rubuta masa. Ka ɗauka kana rubuta giga 20 kullum ba fashi, wanda kwamfutar XP mai yankan sitika ko kusa ba ta yi, a shekara tera 7.3 kenan, kafin ka cinye 150 sai ka shekara 20. Ko ka ce rashin TRIM ya ninka gajiyar sau biyu ko uku har yanzu shekaru ne masu yawa, madabod ɗin ma sai ta riga shi tafiya. Akwai wata kafar fasaha The Tech Report da ta taɓa ɗaukar SSD guda shida a 2013 ta yi ta rubutu a kansu dare da rana don ta ga ranar mutuwarsu, na farkon da ya faɗi sai da ya wuce tera 700, na ƙarshe ya haura tera 2000, gwajin bai ƙare ba sai 2015. Ban ce duk wanda ka tsinta haka yake ba, akwai marasa suna marasa inganci da ko a sabuwar Windows ba sa kai labari, amma wannan laifin faifan ne ba na XP ba.

Abin da ya kamata a kashe shi ne difrag. Shi difrag an yi shi ne don a tattaro gutsattsarin fayil waje ɗaya saboda allurar had dis ta huta da yawo, SSD kuwa ba shi da allura, ko'ina kusa ne a wajensa, difrag rubutu ne kawai na asara. A XP da sauƙi tunda sai ka je ka danna da kanka, to kar ka danna. Vista ce mai rigima, ita da kanta ta sa wa kanta jadawali duk ranar Laraba ƙarfe ɗaya na dare, kuma ba ta bambance SSD da had dis, dole ka shiga ka cire alamar. A Vista ɗin ana iya kashe Superfetch ma, wadda ke ɗauko manhajoji ta ajiye a ram tun kafin a buɗe su. A XP kuma akwai wata ɗabi'a ta rubuta lokacin da aka taɓa kowane fayil ko da kallonsa kawai aka yi, ana kashe ta da fsutil behavior set disablelastaccess 1, shikenan. Iya nan ni na tsaya. Na ga masu jero dabaru ashirin da wani abu, kashe wannan kashe wancan, har da cewa a kashe pagefile gaba ɗaya, wato filin da Windows ke ara a faifai in ram ta cika, haba, a kwamfutar da ram ɗinta giga 1 ko 2 ne, XP mai bit 32 ma ko ka cika mata giga 4 uku da 'yan kai take gani, ka kashe pagefile ai sai manhaja ta riƙa rufewa tana tsakar aiki. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ka sa SSD don ka ji daɗin aiki ne ba don ka zauna kana gadinsa ba.

Wani wajen da mutane ke karaya su ce ba ya aiki shi ne shuɗin sikirin lokacin ɗora XP. Kana cikin ɗorawa sai ta ce ba ta ga faifai ba, ko ta watso maka shuɗi da lamba 0x0000007B. Wannan ba SSD ba ne, ko had dis ka sa haka za ta yi. A BIOS, wato wajen saitin madabod da ake shiga kafin Windows ta tashi, akwai saitin yadda SATA ke magana da faifai, ko tsohuwar hanya IDE ko sabuwa AHCI, ita kuma XP an haife ta kafin AHCI ba ta da direbansa a faifanta. Da can sai dai ka danna F6 a farkon ɗorawa ka ba ta direban a fulofi, eh fulofi, in ba ka da shi ka cusa direban cikin faifan XP ɗin da nLite ka ƙona sabo. In duk wannan ya yi maka yawa ka mayar da saitin IDE kawai, wasu BIOS ɗin suna kiransa Compatible ko Legacy, za ta hau lafiya. Abin da ka rasa shi ne jera umarni har 32 a layi da AHCI ke bayarwa, a aikin yau da kullum na tsohuwar kwamfuta da wuya ka ji a jikinka. Tawa a IDE take har yau. Abin da ba a yi shi ne ka ɗora a IDE sannan daga baya ka je BIOS ka juya zuwa AHCI haka kawai, shuɗin nan zai dawo. A Windows 7 ma haka ne sai ka fara shiga rajista, wato kundin saitin Windows, ka mayar da Start na msahci zuwa 0 kafin ka juya.

Girma ma a kula. Ba wai ka samo mafi girma ba ne burgewa. Tsofaffin BIOS da Windows 98 da XP ta farko wadda ba ta da ko SP1 ba sa ganin abin da ya wuce giga 137, kuma a 98 abin ya fi muni don in rubutu ya tsallake wannan iyakar yana iya hawa kan bayanan da ke farkon faifan ya lalata su. XP mai bit 32 kuma tsohon tsarin yanka faifai na MBR kaɗai ta sani, iyakarsa tera 2, ba ta karanta sabon tsarin GPT, to in ka yanka faifan a sabuwar kwamfuta ka tabbata MBR ka zaɓa in ba haka ba ka dawo ta ce ba ta san shi ba. Ga irin waɗannan na'urorin 120 ko 240 ya isa har ya yi yawa, ga 98 kuwa ƙasa da haka.

Gudu kuma kar a sa rai da abin da aka rubuta a kwali. SSD na SATA yana kaiwa wajen mega 550 a daƙiƙa amma sai a kafar SATA ta uku, ta biyu 300 ce iyakarta, ta farko 150, tsohuwar IDE mai faffaɗar waya kuwa mafi gudunta 133. Yawanci sabon faifai yana sauka ya daidaita da tsohuwar kafa da kansa, ko da yake akwai tsirarun tsofaffin madabod da ke gardama. Wannan bai dame ni ba don kamar yadda na faɗa ba a nan daɗin yake ba, a saurin nemo ƙananan fayil yake. Masu laftof ta IDE mai haƙora 44 ma ba a bar su a baya ba, akwai adafta da ake sa ƙaramin mSATA a ciki ta zauna daidai gurbin tsohon faifan, masu DOS da 98 wasu katin CF suke sawa da adafta. Wanda zan ce a haƙura da shi shi ne SSD nau'in NVMe, ɗan siririn nan mai kama da ram. Sai a Windows 8.1 direbansa ya zo a ciki, Windows 7 sai an ƙara mata wani gyara mai lamba KB2990941, tsofaffin madabod kuma ba su ma san yadda za su tashi daga kansa ba. A XP kam kar ma a fara, da marubucin naku NVMe ya ce da ban ɗauko alƙalami ba.

Masu Windows 7 ku naku da sauƙi amma ku ma ku duba, musamman in kwafowa kuka yi daga had dis ba sabuwar ɗorawa ba. A buɗe cmd a matsayin admin a rubuta fsutil behavior query DisableDeleteNotify, in ta ce 0 to TRIM a kunne yake, in 1 ne a kashe. A sake gudanar da gwajin makin nan na Windows Experience Index don ta gane yanzu SSD ne a ciki ta daina yi masa difrag. A duba lambar msinfo32 ɗin ma, don in asalin fatishan ɗin XP ce ta yanka shi shekarun baya to karkacewar tana nan ta biyo ku. Linux tun kanel 2.6.33 na 2010 take aika TRIM, akwai kuma umarnin fstrim da ake bugawa da hannu ko a sa shi duk sati. Masu tsohuwar Mac, tun 10.6.8 akwai TRIM amma na faifan Apple kaɗai, sai a 10.10.4 cikin 2015 aka kawo trimforce da ke buɗe wa na sauran kamfanoni.

In da gargaɗin da ya kamata jaridarku ta yi wa masu tsohuwar Windows da babbar murya to ba na SSD ba ne, na intanet ne. Microsoft ta daina ba XP gyaran tsaro tun 8 ga Afrilu 2014, Vista 11 ga Afrilu 2017, Windows 7 kuma 14 ga Janairu 2020. SSD yana sa tsohuwar kwamfuta ta ji kamar yarinya sai mutum ya manta ya jona ta a intanet ya fara shiga banki da imel da ita, alhali ƙofofinta duk a buɗe suke, gudun da ta samu ma bairos ɗin ne zai fi jin daɗinsa. Mun ga harin bairos ɗin WannaCry a watan Mayu 2017, da ta kai har sai da Microsoft ta fitar wa XP gyara na musamman bayan shekara uku da sallamarta. Tawa ko wayar intanet ba ta taɓa gani ba tun da na sa mata SSD, a wata kwamfutar nake zane in ɗauko a filas ɗin da na tabbatar da tsaftarsa in kawo mata ta yanka.

Sannan shi SSD ba ya sallama irin ta had dis. Had dis ya yi min kas kas na sati biyu har na samu na kwashe kayana, shi wannan ranar da zai tafi kawai kunnawa za ka yi BIOS ta ce ba faifai, kuma ciro bayani daga cikinsa aiki ne ja. Ina duba lafiyarsa da CrystalDiskInfo lokaci-lokaci amma ban dogara da ita ba, ina da kwafin faifan gaba ɗaya sak da na ɗauka da manhajar Clonezilla bayan na gama gyara komai na ajiye a wani had dis daban, in ya mutu gobe sabo zan sa in mayar a cikin rabin awa, da direban injin da komai. Masu tsohuwar kwamfutar da sai shekara-shekara ake kunnawa su ma su sani caji ne ke riƙe bayani a SSD kuma yana zurarewa a hankali in an daɗe ba wuta, musamman faifan da ya sha rubutu kuma aka ajiye a waje mai zafi, don haka ba wajen ajiyar tarihi ba ne.

Roƙona Malam Edita a miƙa wa marubucin wannan, in da hali ya sake taɓo maganar a fitowa ta gaba ya gyara wancan layin, ko da lambar nan ta 32256 kaɗai ya koya wa mutane su duba ya taimaka. Kwamfutar tawa shekararta uku kenan a kan SSD ɗin nan, jiya ma na duba lafiyarsa ta nuna kashi 97 cikin ɗari, yanzu haka laftof ɗin ƙanwata ce mai Vista a gabana na kwance bayanta ina jiran adafta.

Na gode, a gaida ma'aikata. Wassalam.

Naku, mai karanta jaridarku a kullum.